Sunaye Tara na Tungar Yashi

Malama Tasallah ba mace ba ce mai tsoron aji. Shekara ashirin da shida tana riƙe da alli a wata firamare da ke gefen Illo. Ta ga yara masu taurin kai, ta ga iyaye masu zuwa da faɗa tun daga bakin ƙofa, ta ga sufetocin da ke leƙa ƙarƙashin benci neman laifi, kuma ba wanda ya taɓa sa gabanta ya faɗi. Sai ga shi wani ɗan abu mai fuskar gilashi, wanda bai kai faifai faɗi ba, ya sa tafin hannunta yana zufa a gaban mutum arba'in.

Taron bita ne aka kira a Bagudo a farkon bazara, don koya wa malaman firamare aiki da kwamfutar hannu. An tara su a ɗakin taron wata sakandare, maza ta dama, mata ta hagu, fanka ɗaya tana juyawa a sama kamar roƙonta aka yi. Kowa aka ba shi na'ura ɗaya da ɗan faifan sola na caji. Mai koyarwar wani saurayi ne daga Birnin Kebbi, Bilyamin, siriri, mai saurin baki da saurin yatsa, irin yaran nan da za ka rantse da waya a hannu aka haife su. Ya ce musu daga yanzu darasi ƙafa biyu gare shi, ɗaya a aji, ɗaya a cikin na'ura. Malami zai koyar a gaban allo yadda ya saba, sannan yaro ya saurari karatu a na'ura, ya amsa tambayoyi, a ɗauki muryarsa da hotonsa, a tura ofis. Sunayen 'yan aji duk suna ciki, kuma daga nan za a ɗauki jerin waɗanda za su zauna jarrabawar shiga sakandare a bana.

Da farko ma babu sunan Tasallah a cikin waɗanda za a tura. Hedimasta Malam Arzika matasa biyu ya zaɓa, yana ganin ya kyauta mata, ya hutar da ita. Ita kuwa ta zaune masa a ofis kwana uku, ba faɗa ba zagi, sai gaisuwa da zama, har ya gaji ya soke ɗaya ya sa ta. Ba son na'ura ne ya kawo ta ba, don wayarta ma mai maɓalli ce, an ɗaure ta da roba. Yara tara ne suka kawo ta.

'Ya'yan masunta ne, 'yan aji shida. Duk shekara idan ruwan Kwara ya fara ja baya, iyayensu sai su kwashe komatsai su hau jirgi su koma Tungar Yashi, can sama da Lolo, su yi wata biyar suna su, sai damina ta kankama su dawo. Yaran su tafi ana tsakiyar zango, in an yi sa'a a kawo su ranar jarrabawa da kai fanko, in ba a yi ba su dawo an gama. Haka Tasallah ta yi ta kallon yara suna zubewa shekara bayan shekara, abin yana ci mata rai. A bana kuma akwai Atika a cikinsu, 'yar shekara goma sha biyu, wadda ke gama lissafi kafin a gama rubuta shi a allo. Idan Atika ta rasa jarrabawar nan, Tasallah ta san ba za ta ƙara ganin ta da littafi ba, sai dai a bakin banda tana juya kifi.

Kwana biyar ɗin bitar, wahala Tasallah ta sha. Yatsanta ya saba da alli, ƙarfi yake sa wa, ta danna abu ɗaya uku su buɗe. A ce kowa ya koma shafin farko, ita ta tarar da fuskarta ce ta cika gilashin, hijabi ya karkace. 'Yan mata su toshe baki suna dariya, alhali shida daga cikin malaman da ke ɗakin ita ta kama musu hannu suka fara rubuta baƙi. Bilyamin dai yana da haƙuri, yana ce mata Mama, yana dawowa bencinta sau goma a wuni. A rana ta huɗu ne ya faɗi maganar da ta shige ta.

Ya ce, "Amfanin abin nan ke nan. Idan yaro bai iya zuwa aji ba, ajin ya tashi ya je inda yaron yake."

Tasallah ta rubuta wannan a littafinta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Da aka tashi ranar ƙarshe, aka raba wata takarda mai ƙananan rubutu na Turanci shafi uku, aka ce kowa ya sa hannu. Motar Illo tana ta hon a waje, la'asar ta gota, ba wanda ya karanta ko layi ɗaya. Aka ce su je su gwada na mako guda a makarantunsu, su dawo ranar Alhamis a rufe taro a ba da satifiket.

Asabar ta farko, tun da hantsi tana bakin ruwa a Lolo, na'ura a naɗe cikin zane biyu a ƙasan jaka. Ta shiga jirgin da ke kai gishiri da itacen banda tunga. Ba wanda ya tambaye ta takarda, ita ma ba ta tambayi kanta komai ba. Mutumin Illo in za shi Tungar Yashi cewa yake za shi tunga, shi ke nan. Ƙanwar mahaifiyarta a wannan gaɓar ta yi aure ta mutu. Ana cin kasuwa ɗaya, ana karɓar naira ana karɓar sefa, ana gaisawa da Hausa a amsa da Dendi. A kan ruwa kuwa ba a ja layi ba.

Yaran suka hango ta tun jirgi bai tsaya ba, suka sheƙo a guje suna kiran Malama. Mahaifiyar Atika, Hamsatu, ta shimfiɗa mata tabarma a inuwar rumfar banda, tana ta faɗin, "Ke da kanki, Malama? Har nan? Wanga abu ya yi muna girma." Tasallah ta jera su tara, ta kunna na'ura da bisimilla. Ikon Allah, ranar yatsanta bai yi mata gardama ba. Suka saurari karatu, suka amsa tambayoyi, maza masu gyaran koma, ragar kamun kifi, suka bar aiki suka zagaye su. Ta ɗauki Atika tana karanta shafi guda na Turanci ba tuntuɓe, bayanta raga a shanye da hayaƙin kifi. Tasallah ta ji wani daɗi da ta daɗe ba ta ji irinsa ba, har ta ji tana son Bilyamin ya gani yau ɗin nan, kafin rana ta faɗi. Sai ta buɗe data yadda ya koya musu, ta danna wurin turawa.

Na'urar ta ɗan yi tunani. Daga nan fuskar ta rikiɗe ta yi ja, wani rubutu ya fito da hoton kwaɗo, irin na rufe ƙofa. Ta danna, shiru. Ta kashe ta kunna, jan nan dai. Ta karanta rubutun sau uku: an kulle wannan na'ura, a tuntuɓi ofis.

"Malama, ta lalace?" in ji Atika.

"Zahi na taj ji," in ji Tasallah, tana naɗe ta da sauri don kada su karanta rubutun. "In ta huta tana tashi."

Ba ta tashi ba. Ranar Lahadi Tasallah ta yi mata caji har faifan sola ya yi zafin ƙuna, ta goge gilashin da gefen zane, ta ajiye ta kusa da randa ko sanyi zai taimaka. Duk tunaninta ta lalata kayan hukuma ne, kuma za a ce dama an faɗa, tsohuwa ina ita ina na'ura. Ba ta san abin ya fi haka ba.

Ranar Litinin tana shiga makaranta, kafin ta kai aji, Malam Arzika ya leƙo ya yafito ta. Mutum ne mai son wasa, kullum da goro a kunci, amma ranar ba goro ba wasa. Ya tura ƙyauren ofis ya bar shi rabi a buɗe, ya rage murya.

"Malama, ina kika kai na'urar ga ran Asabar?"

"Tunga nik kai ta. Wurin ɗiyan ga."

Ya dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi. Malama, Tungar Yashi ƙasar wa ta?"

Ta buɗe baki za ta ce ƙasar Allah, sai maganar ta tsaya mata. Ta sani mana. Kowa ya sani, irin sanin da ba a taɓa buƙatarsa ba. Tungar tana cikin Benin.

Arzika ya ce tun jiya aka kira shi daga ofis. Na'urorin nan an yi su ne da sun tsallaka iyaka suka kama sabis su kulle kansu, su kai ƙara. Yana cikin takardar da suka sa wa hannu, shafi na biyu. A rukunin da aka horar bara, biyu sun ɓace daga wata mazaɓa, daga baya aka gan su a kasuwa a ƙetare, shi ya sa ofis ba ya wasa da zancen. Alhaji Muzammilu, jami'in da ke kula da shirin, da kansa zai zo ranar Alhamis ya ji ta bakinta.

"To sai in hwaɗa mai gaskiya," in ji Tasallah, har ta ɗan ji sanyi. "Karatu nik kai. Shaida tana ciki."

"Nan a wurin da matsala take." Arzika ya jawo babbar rajista ya buɗe mata. Sunayen yaran tara suna nan, kowace rana an yi musu alamar sun zo, da hannunsa. Haka yake yi, haka hedimastan da ya gada yake yi, haka duk makarantun bakin ruwa suke yi, don ɗan masunci kada ya dawo ya tarar an soke shi. "In kinka ce karatu kika kai, za su tambaya mi ɗiyan ga ka yi can. Su ji wata biyar ba su ƙasar ga. Dokar shirin ta ce ɗan da ba shi zaune cikin ƙasa ba a lissafa shi. Su hidda su, kuma jerin jarrabawa daga nan za a ɗauka. Kin gane?"

Ta gane. Ta nemi kujera ta zauna.

"Ki ce biki kika tahi na dangi, kika mance tana cikin jaka," in ji shi. "Su yi maki hwaɗa, su amshe na'ura, su hana ki satifiket. Kunya ta ta kwana biyu. Ɗiyan ga su tsira da sunansu, ran jarrabawa in aika jirgi shi ɗauko su."

"Malam, ni ban iya ƙarya ba."

"Na sani. Ki koya kahin Alhamis."

Kwana uku ta yi tana koyo. Tana wanke-wanke tana maimaitawa, biki na tafi, na manta. Tana rubutu a allo ta tsaya da alli a hannu har yara su fara kallon juna. Wace ce ta yi auren? Ta zaɓi wata jikar ƙanwar mahaifiyarta, sannan ta tuna yarinyar ta yi aure tun bara, kuma akwai malamin Lolo a bitar da ya ci shinkafar bikin. Ta mayar da shi bikin suna. Ta ji tsoron kada a ce ta rantse. Ta yi istigfari a kan ƙaryar da ba ta riga ta yi ba. Abin da ya fi damunta, in za a faɗi gaskiya, ba zunubin ba ne. Tasallah mace ce mai ji da sunanta. A Illo in mata za su yi tafiya, ita suke bar wa makullin ɗaki. Mijinta ya rasu bai bar mata gona ba, bai bar mata shanu ba, sunan nan shi ne abin da take da shi. Duk da haka ta yanke shawara za ta ba da shi na kwana biyu saboda Atika.

Ranar Alhamis ɗakin ya fi cika, don an gayyato hedimastoci su shaida rufe taro. An kawo kujerun roba, an ɗora satifiket a tebur an danne da dutse. Tasallah ta zauna a layin mata, jakar a cinyarta. Ta so a kira ta gefe a yi maganar a asirce. Alhaji Muzammilu bai da wannan niyyar. Mutum ne da aka taɓa wankewa a gaban manyansa saboda na'urorin bara, ya kuma yi alkawari ba za a sake ba. Bayan addu'a, kafin komai, ya sa Bilyamin ya haska taswira a bango. Ga kogi, ga layin iyaka, ga wani jan ɗigo can a ƙetare.

"Na'ura mai lamba goma sha bakwai," in ji shi. "Wa ad da ita?"

Ta miƙe.

"Malama, mi yak kai kayan hukuma wata ƙasa?"

"Ranka shi daɗe, suna nit tahi na dangi. Tana cikin jaka, nim mance."

Muryar ta fito siririya, ba irin wadda ke kai wa bencin ƙarshe ba. Duk wanda ya san ta ya san ba haka take magana ba. Alhaji Muzammilu bai san ta ba, amma ya san muryar mai ƙarya.

"Kin mance. Kuma cikin mantuwa ta kunna kanta, ta buɗe data, awa biyu tana aiki?" Ya juya ga taron yana murmushi. "Ku ji muna. Mu ma 'yan bakin iyaka na, mun san yadda akan yi. A kai kaya a gwada ma mai saye shi ga yana aiki. Sai da ta kulle anka ce a maido maki abinki." Ya dawo da ido kanta. "Hwaɗa muna, Malama, nawa anka taya?"

Wani daga layin maza ya yi dariya, wasu suka taya shi. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda ke kuɓuce wa mutane ce in sun tsorata. Amma Tasallah ta waiga, ta ga Sa'adiyya, wadda ta goya a bayanta ranar da ta suma a fareti tana aji biyu, yau malama ce, ta sunkuyar da kai don kunya. Kunyar Tasallah take ji. Ta yarda da zargin ke nan.

Faɗa ta shirya wa, da karɓe na'ura, da komawa gida hannu wofi. Ba ta shirya wa a kira ta ɓarauniya a gaban 'ya'yan da ta raina ba. Wani abu mai zafi ya taso mata daga ciki, ya share kwana ukun nan kaf. Ta ga Malam Arzika yana girgiza mata kai daga can gefe, ta gan shi sarai, amma bakinta ya riga ya buɗe.

"Ni? Ni Tasallah za a ce ma nawa anka taya?" Muryar ajin ta dawo, har ta fi. "Shekara ashirin da shida ko guntun alli ban kai gida ba! Ba suna nit tahi ba, ƙarya niy yi, Allah shi gahwarta min. Karatu nik kai ma ɗiyana! Yaron ga shi yac ce in ɗa bai zo aji ba a kai mai aji. Ku buɗe ta ku gani in ƙarya ni kai!"

Ta fizgo na'urar daga jaka ta miƙa. Bilyamin ya dubi Alhaji, Alhaji ya ɗaga masa kai. Ya sa wasu lambobi, jan ya washe, ya haɗa ta da abin haskawa. Sai ga Atika a bango, ta fi mutum girma, ɗankwali ya zame, raga a bayanta, tana karanta Turanci tiryan-tiryan, muryarta ta cika ɗakin. Bayanta sauran takwas suna amsa tambayoyi suna rige-rige, ana jin muryar Tasallah tana cewa a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Da hoton ya ƙare aka ɗau tafi, har da masu kabbara. Bilyamin kamar ya yi tsalle. Ya ce a duk inda ya yi bitar nan bai ga wanda ya fahimci abin kamar Mama ba, wannan shi ne darasi mai ƙafa biyu. Alhaji Muzammilu ya cire hula ya mayar, ya taso har gabanta.

"Malama, na zalunce ki. Ki yahe min, don Allah. Gaban jama'a nib ɓata ki, gaban jama'a ni ka ba ki haƙuri."

Ta ce ta yafe. Ta ji iska ta shiga ƙirjinta karo na farko tun Asabar. Sa'adiyya tana share hawaye tana murmushi. Daɗin ya kai kamar minti ɗaya.

"Ɗiyan ga," in ji Alhaji, yana duban bangon da hoton ya tsaya, "'yan ajinki na?"

"Nawa na, su tara."

"Tun yaushe suna can?"

A nan ne ta ji abin da ta yi. Ta nemi Arzika da ido, ta same shi yana kallon takalminsa. Yanzu kuma ba hanyar komawa, wanda ya ce a gaban mutane ya yi ƙarya ya tuba ba ya sake wata a minti na gaba.

"Tun watan da ruwa yaj janye," in ji ta a hankali. "Sai damina su komo."

Aka tashi sallar azahar. Alhaji ya ce ita da hedimasta da Bilyamin su dakata. Da ɗakin ya zama su huɗu, ya zauna a kujerar roba, ya yi magana ba tsawa ba gadara, abin da ya sa ta fi ciwo. Ya ce shi ma ɗan masunci ne ta wajen uwa, ya san yadda ake yi da rajista, kuma da a takarda ne da ya kau da kai kamar kowa. Amma na'ura ba ta kau da kai. Rahoton ya riga ya tafi sama da taswira, yanzu ga hoto, ga shaidu sittin. Masu ba da tallafin da suka sayi na'urorin sun rubuta cewa in aka sami yaran wata ƙasa a jerin, za a janye na'urorin mazaɓar gaba ɗaya a yi bincike. Makarantu goma sha ɗaya ke nan.

"Ba ɗiyan wata ƙasa ba na!" in ji Tasallah. "Illo anka haihe su. Cibiyassu tana nan bisne. Kihi na yak kai su, kihi bai san iyaka ba."

"Na sani, Malama. Wanda yar rubuta dokar ga bai taɓa ganin Kwara ba."

Bilyamin ya sa baki, ya ce zai rubuta wa ofishinsu, zai yi bayani, wataƙila a gyara dokar. Alhaji ya tambaye shi yaushe ake rufe jerin jarrabawa. Ya ce gobe Juma'a. Ya tambaye shi wasiƙa takan yi kwana nawa kafin a amsa. Ya ce takan kai wata guda. Arzika ya ce a ba shi kwana biyu ya aika jirgi a kwaso yaran su zauna a gidansa. Alhaji ya ce ko an kwaso su yau, na'ura ta riga ta nuna suna ƙetare, ba su taɓa aiki a cikin aji ba, kuma in aka tono wannan, rajistar Arzika ce za a fara buɗewa. In sun dawo da damina a sake rubuta su, su maimaita aji shida, su zauna ta baɗi.

Baɗi ma ruwa zai janye. Duk su huɗun sun san haka, ba wanda ya faɗa.

Tasallah ta roƙa. Ita da ba ta taɓa durƙusa wa sufeto ba, ta sauka daga kujera ta durƙusa, ta ce a bar mata ko ɗaya, a bar yarinyar da suka gani tana karatu. Alhaji ya kau da fuska ya ce don girman Allah ta tashi, yarinyar ce ma ta fi fitowa a hoton. Ya ce dokar shirin malamin aji ne kaɗai ke iya cire suna, da lambarsa. Ya miƙe ya tafi alwala, don ba ya son ya gani.

Bilyamin ya ajiye na'urar a gabanta, ya buɗe jerin aji shida. "Mama, ki ɗora yatsa a kan sunan, ki riƙe. Zai tambaye ki ko kin tabbata. Sai ki danna nan."

Ta ɗora yatsa a kan Bunyaminu Sambo. Sunan ya yi rawa, tambayar ta fito, ta danna, layin ya rufe kamar ba a taɓa rubuta komai a wurin ba. Fadimatu. Hassan. Kowane suna sai na'urar ta tambaye ta ko ta tabbata, kowane suna sai ta ce ta tabbata. Ba ta yi kuka ba. Baƙin ciki ne ya cika ta, da haushin kanta, don ta san ba Alhaji ne ya yi wannan ba, ba na'ura ba ce, ba kuma wanda ya rubuta doka ba. An ba ta zaɓi tsakanin sunanta da nasu, ta zaɓa tun a gida, sannan dariyar mutum biyar ta sa ta canja. Ta bar Atika a ƙarshe, ta daɗe da yatsa a sama, har gilashin ya dushe Bilyamin ya sake taɓa shi. Sannan ta danna.

Bayan salla aka raba satifiket. Ita aka fara kira. Alhaji Muzammilu ya riƙe lasifika ya ce ga malamar da ta fi kowa a wannan rukuni, mace mai gaskiya da riƙon amana, kowa ya yi koyi da ita. Aka yi tafi mai tsawo, aka ɗauki hoto. Ta karɓi takardar da hannu biyu, ta koma ta zauna, ta kifa ta a cinya.

A tasha, suna jiran motar Illo ta cika, Malam Arzika ya tsaya nesa kaɗan da ita, ya ɓare goro ya kasa ci. Bai ce mata na gaya miki ba. Da ya faɗa da ta fi jin sauƙi.

Can ya ce, "Hamsatu ta aiko jiya. Ta ce a tambaye ki wace rana ta jarrabawa, ta ɗinka ma yarinyar sabon hijabi." Ya juya goron a hannu. "Sai a samu wanda za shi gaya masu. In aika masinja?"

Tasallah ta naɗe satifiket ɗin biyu, ta tura shi ƙasan jaka.

"A'a," in ji ta. "Ni niy yi. Ni ka zuwa."